Yadda Ake Tara Bugun Farko da Kwafin Share Fage na Littattafan Almara

A watan Disamba na 2021, kamfanin gwanjo na Heritage da ke Dallas a Amurka ya sayar da kwafi ɗaya na littafin farko na Harry Potter a kan dala 471,000. Labarin da ke cikinsa shi ne dai wanda ke cikin kwafin da ake talla a bakin titi. Abin da mai sayen ya biya wa kuɗi shi ne tabbacin cewa wannan kwafin yana cikin guda 500 masu bango mai kauri da kamfanin Bloomsbury ya fara fitarwa a Landan a watan Yuni na 1997. Kusan 300 daga cikinsu ɗakunan karatu aka kai wa, yara suka yi ta juya su har suka ragargaje, shi ya sa mai lafiya ya yi wuyar samu.

Kada wannan kuɗi ya ɗauke maka hankali. Mafi yawan bugun farko ba sa yin tsada, ko shekara nawa suka yi a ajiye. Wanda ya shiga harkar nan don son littattafan zai daɗe a cikinta, wanda ya shiga don riba kuwa da wuri zai gaji. Abin da nake so ka ɗauka shi ne, kowane kwafi yana ɗauke da shaidar asalinsa a jikinsa, kuma ana koyon karanta shaidar nan kafin a sa hannu a aljihu.

Mataki na farko: yanke iyakar abin da za ka tara

Labaran almara, wato na aljanu da dodanni da matsafa da jarumai da masarautun da babu su a duniya, sun fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya. Ka zaɓi marubuci ɗaya, ko jeri ɗaya mai littattafai uku zuwa bakwai, ko marubutan Afirka kawai, ko littattafan yaƙi na Hausa. Ka rubuta sunayen abin da kake nema a takarda, ka yanke abin da za ka iya kashewa a wata. A ganina wanda ya cika jeri ɗaya tsaf ya fi wanda ya tara ɗai-ɗai daga jeri ashirin.

Mataki na biyu: rarrabe bugu da zubi

Idan kamfani ya tsara littafi ya kai maɗaba'a, wannan tsarin shi ne bugu. Duk lokacin da aka kunna inji aka fitar da wasu dubbai daga wannan tsarin, an yi zubi ɗaya. Bugun farko yana iya samun zubi talatin. Masu tara littattafai idan sun ce bugun farko, zubin farko na bugun farko suke nufi, amma mai sayarwa yana iya miƙo maka zubi na goma sha biyu ya ce bugun farko ne, kuma a ƙa'ida bai yi ƙarya ba. Saboda haka kullum tambayarka ta kasance: zubi na nawa ne?

The Hobbit na J.R.R. Tolkien yana nuna bambancin sarai. Kamfanin George Allen & Unwin ya fitar da zubin farko ranar 21 ga Satumba, 1937, kwafi 1,500, zanen cikinsa duk baƙi da fari. Kafin ƙarshen shekarar sun ƙare, aka yi zubi na biyu aka ƙara zane masu launi. A 1951 kuma marubucin ya sauya babi na biyar sosai don ya dace da labarin da ya biyo baya, wannan shi ne bugu na biyu na gaskiya, domin rubutun kansa ya canza.

Sai batun ƙasa. Littafi yakan fito a Ingila da Amurka a lokuta daban, a hannun kamfanoni daban, wani lokaci har da suna daban. Wanda ya riga fitowa shi ne na asali. Akata Witch na Nnedi Okorafor ya fito a Amurka a 2011 a hannun Viking, daga baya Cassava Republic ya fitar da shi a Nijeriya da sunan What Sunny Saw in the Flames. Na Amurka shi ne na asali, na gida kuma shi ne bugun farko na Nijeriya. Ni kam zan so in ga biyun a jere a kanta ɗaya.

Mataki na uku: karanta shafin haƙƙin mallaka

Nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kansa. Ka buɗe littafin, ka wuce shafin da ke ɗauke da suna, ka juya bayansa. Wannan shafin mai ƙananan rubutu da kowa ke tsallakewa shi ne shafin haƙƙin mallaka.

Fara da neman layin lambobi, yawanci can ƙasa. Zai iya zuwa a jere, 10 9 8 7 6 5 4 3 2 1, ko a warwatse, 1 3 5 7 9 10 8 6 4 2. Tsarin jerin ba shi da muhimmanci. Lambar da ta fi ƙanƙanta ita ce ke gaya maka zubin. In akwai 1, zubin farko ne. In mafi ƙanƙanta 4 ce, zubi na huɗu ne, domin duk zubi ana goge lamba ɗaya. Wasu kamfanoni suna ƙara lambobin shekara a gefe, kamar 98 99 00, mafi tsufa a cikinsu ita ce shekarar zubin.

Sai dai kamfanoni ba su da al'ada ɗaya. Random House ya yi shekaru yana fara layin zubin farko daga 2, tare da rubuta “First Edition” a shafin, in an zo zubi na biyu sai a cire kalmomin a bar lambobin. Wasu kuma suna barin waɗannan kalmomi har zubi na ashirin, to a nan lambobin za ka bi. Tsofaffin littattafan Ingila ba su da layin lambobi. Za ka ga “First published” da shekara. In babu komai a ƙasansa, alama ce mai kyau, in kuwa ka ga “Reprinted” ko “Second impression”, an wuce wurin. Kafin ka sayi littafin kowane kamfani, ka binciki al'adarsa ta wannan zamanin. Rumbun ISFDB a intanet kyauta ne, kuma ya jera bugu-bugun littattafan almara da shekara da farashi da yawan shafi da sunan mai zanen bango.

Daga nan sai ƙananan alamomi, waɗanda galibi kurakurai ne da aka gyara daga baya. A zubin farko na Harry Potter, shafin haƙƙin mallaka yana ɗauke da cikakken sunan marubuciyar, Joanne Rowling. A shafi na 53, cikin jerin kayan makaranta, an maimaita “1 wand” sau biyu. A bangon baya kalmar Philosopher's ta rasa harafin o guda ɗaya. Ba a yi masa rigar takarda ba, wato takardar nan mai zane da ake lulluɓe bango mai kauri da ita, zanen yana jikin bangon ne. A The Hobbit kuma, a kunnen rigar na baya, wato ɓangaren da ke lanƙwashe zuwa ciki, an rubuta Dodgeson maimakon Dodgson, har aka bi da tawada ana soke e ɗin da hannu.

Alama ɗaya ba ta isa hujja. Kuskuren shafi na 53 ɗin nan ya zarce zuwa wasu zube-zuben da suka biyo baya, shi ya sa mutane da yawa ke ganinsa su ɗauka sun tsinci dami a kala. Sai layin lambobi da sunan kamfani da shekara da bango duk sun yi daidai a kwafi ɗaya.

Mataki na huɗu: san tarkunan

Na farko shi ne bugun ƙungiyoyin masu karatu, irin su Science Fiction Book Club a Amurka ko BCA a Ingila. A zamaninsu sukan sayi izini su sake buga littafi da araha, wani lokaci har da kwafe shafin haƙƙin mallaka yadda yake. Ka duba kunnen rigar na gaba: na asali yana da farashi, nasu yawanci babu. Sukan fi ƙanƙanta da rashin nauyi, wasu kuma suna da ɗan tambari a dankare a ƙasan bangon baya, wanda yatsa ke ji kafin ido ya gani.

Na biyu shi ne ya fi shafarmu a nan, wato jabu. Masu satar fasaha hoton littafin asali suke ɗauka shafi-shafi. In wanda suka kwafa zubin farko ne, layin lambobinsa zai fito da 1 ɗinsa cif. Ka kai littafin wurin haske ka dubi haruffa: na jabu bakinsu a dushe yake, wani shafi baƙi ƙirin, na kusa da shi fari-fari. Taswirar da littattafan almara ke sakawa a farko ita ce ke saurin tona asiri, domin ƙananan sunayen garuruwa da koguna sukan cakuɗe su ƙi karantuwa. Takardar siririya ce har kana hango rubutun baya, yankan gefe a karkace, gam ɗin gadon baya kuma yana ƙara in ka buɗe. In ka san littafin da bango mai kauri ya fara fitowa, ga shi a hannunka da bango mai laushi yana da'awar zubin farko, ajiye shi.

Akwai kuma rigar da aka sake bugawa da na'ura aka sa wa tsohon littafi, da rigar zubi na baya da aka ɗora wa na farko. Ka karanta abin da ke jikin rigar. In tana yabon lambar girmamawar da littafin ya ci bayan fitowarsa, ko tana tallan littafi na uku a jerin, ba tare aka haife su ba.

Mataki na biyar: duba lafiyar littafin

Dillalan ƙasashen waje suna da matakai: “Fine” shi ne kamar sabo, sai “Near Fine”, sai “Very Good”, sai “Good”. Kada na ƙarshen ya ruɗe ka, a bakinsu yana nufin littafin ya sha hannu. A littattafan zamani riga ce ke ɗauke da kaso mafi girma na darajar, kwafin da ya rasa rigarsa farashinsa yakan faɗi warwas. Ka duba ko an yanke kusurwar da farashi yake, ko rana ta kodar da gadon baya, ko akwai hatimin ɗakin karatu, ko zanen alƙalamin maka a ƙasan shafuka wanda ke nuna kwantai ne aka karyar. Ka ƙirga taswira da hotuna. Ka kuma shinshina shi, warin danshi ba ya ɓuya, kuma littafi mai fumfuna yana shafa wa maƙwabtansa.

Sa hannun marubuci yana ƙara daraja, amma shi ya fi komai sauƙin ƙirƙira. Mafi aminci shi ne wanda aka yi a gabanka. Bukukuwan littattafai irin su Aké a Legas, da KABAFEST a Kaduna, da bikin HIBAF na adabin Hausa, dama ce ta kai littafinka ga mai shi. Ka roƙi ya sa kwanan wata da sunan gari.

Mataki na shida: kwafin share fage

Watanni kafin littafi ya shiga kasuwa, kamfani yakan buga wasu kwafi ya raba wa masu sharhi da 'yan jarida da masu kantuna da ma'aikatan ɗakunan karatu. Bangonsu mai laushi ne, a jikinsa za ka ga “Uncorrected Proof” ko “Advance Reading Copy”, da gargaɗin cewa ba na sayarwa ba ne. A baya sukan rubuta ranar da ake sa ran fitowa da tsarin talla. Sau da yawa wurin taswira ko sadaukarwa a buɗe yake, ba a cika ba.

Abin da ke ja na gare su shi ne, rubutun bai gama nuna ba. Za ka iya tarar da jimlar da aka cire daga baya, ko sunan da aka sauya. Na Harry Potter, wanda aka buga kusan guda 200, fari ne mai ratsin rawaya, kuma an yi kuskuren sunan marubuciyar a ciki, aka sa J.A. maimakon J.K. Na zamanin nan kuwa, manyan kamfanoni suna buga su da yawa, don haka galibinsu ba su kai darajar zubin farko mai bango mai kauri ba. Waɗanda suka fi cancantar nema su ne na littafin farko na marubucin da ba a san shi ba a lokacin.

Hanyar samu ta halal ita ce ka zama mai sharhi na gaske. Ka riƙa karantawa kana rubuta ra'ayinka a kai a kai, sannan ka rubuta wa sashen talla na kamfani ka nuna musu aikinka. Kamfanonin gida sun fi sauƙin amsawa saboda kuɗin aikawa. Shafin NetGalley na intanet yana ba da kwafin karantawa a waya, yana gina maka suna, amma ba abin ajiyewa a kanta ba ne. In an ba ka kwafi, amana ce: kada ka sayar kafin littafin ya fito, kada ka ɗauki hotonsa ka watsa, kuma ka rubuta sharhin da aka ba ka dominsa. Tsofaffin da littafinsu ya daɗe da fitowa kuwa suna yawo a hannun dillalai kamar kowane tsohon littafi.

Mataki na bakwai: namu na Hausa

A shekarar da The Hobbit ya fito, 1937, a ita Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fara fitowa daga Zariya. Kafin shi, gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, a farkon shekarun 1950 kuma aka sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Duk almara ce tsantsa, da aljanu da yaƙe-yaƙe da tafiye-tafiyen ban al'ajabi. Yana ba ni takaici ƙwarai cewa tsofaffin kwafinsu suna ƙarewa a hannun masu ƙosai da masu tsire, alhali jami'ar SOAS a Landan tana adana tarin littattafan Hausa na kasuwa.

Namu ba su da layin lambobi, kuma sau da yawa ana sake bugawa a bar tsohuwar shekara. Dole ka bi wasu alamomi. Sunan mai bugawa shi ne na farko: Hukumar Talifi ce a shekarun 1930, Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, hukumar adabi ta Arewa, NORLA, ta yi aiki a shekarun 1950 aka rufe ta a 1959, kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, kuma ya fara a 1966. Duk Ruwan Bagajan da ke ɗauke da tambarin NNPC, komai tsufansa a ido, ya zo ne bayan fiye da shekara talatin da na asali. Sai farashi: in an buga shi da sule da kwabo na tsohon kuɗi, kafin Janairun 1973 ne, lokacin da naira ta shigo. Lambar ISBN ba ta yaɗu ba sai daga 1970, kuma mai lamba 13 daga 2007 ta fara.

Littattafan yaƙi na kasuwar Kano, masu fitowa kashi-kashi, na 1 da na 2 da na 3, suna da tasu hanyar. Ka juya bangon baya. Lambar waya mai farawa da 064 ta tsohon layin Kano ce, ta salular GSM kuwa ba za ta riga 2001 ba. Ka karanta jerin “littattafan marubucin” da ke ciki: in ya ambaci wanda aka rubuta bayan wannan, sake bugu ne. In ka sami kwafi biyu, ka jera su ka gwada farashi da zanen bango da sunan maɗaba'a. Ka yi ƙoƙari duk kashin su zama na zubi ɗaya. Abin da ya yi daidai da kwafin share fage a wurinmu shi ne rubutun hannu na marubuci a littafin makaranta, da shafukan da aka fitar daga kwamfuta ya bi da jan biro yana gyara. In marubuci ya yarda ya ba ka, ka nemi ya rubuta a takarda cewa shi ya ba ka.

Mataki na takwas: saye

A waje akwai shafukan intanet irin su AbeBooks da Biblio da eBay, da kantuna irin Goldsboro Books a Landan da suka ƙware a bugun farko mai sa hannu. Kada ka saya da hoton talla. Ka nemi hoton ainihin kwafin: shafin haƙƙin mallaka, kunnuwan riga biyu, gadon baya, da gefen shafuka. Wanda ya ƙi turowa, ka bar masa kayansa. Ka dubi farashin da aka riga aka sayar, domin wanda ake nema buri ne kawai. Ka lissafa kuɗin aikawa tun farko, ka kuma ce a sa a kwali, ambulan yana karya kusurwa.

A gida kuwa, masu baza tsofaffin littattafai a Sabon Garin Kano da bakin jami'o'i, da tsofaffin shagunan haya, da akwatunan malaman makaranta da suka yi ritaya, nan ne abin yake. In iyalan mamaci suka fito da littattafansa ba su san darajarsu ba, ka gaya musu gaskiya ka biya abin da ya dace.

Mataki na tara: adanawa

Masana adana takardu suna son ɗaki mai sanyi da danshin da bai wuce kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari ba. Yanayinmu yana kai mu gefe biyu: damina ta kawo fumfuna, hunturu ya busar da gam ya lanƙwasa bango, ga ƙura. Ka sami kabad mai ƙofa a ɗakin da rana ba ta bugawa, ka janye shi daga bango kamar faɗin tafin hannu, ka ɗaga ƙafafunsa daga ƙasa saboda gara. Duk wata ka leƙa bayansa, gara ba ta sallama. Ka tsayar da littattafan a miƙe, masu tsawo ɗaya tare, ba a matse ba. Manya masu nauyi a kwantar.

Kada salatif ya taɓa littafinka, bayan 'yan shekaru yakan bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Kada ka kai a yi masa sabon bango ko a datse gefensa. Kada ka ɗaure shi a leda da damina, gumi zai taru a ciki. Riga ana sa mata rufin roba mai haske wanda ba shi da gam. Ƙananan littattafan Kano da aka ɗinke da ƙarfe, tsatsa ce ke cin tsakiyarsu, ka sa kowanne a ambulan ɗinsa a wuri busasshe. 'Yan ƙunshin silika da ke zuwa a kwalin takalmi suna taimakawa a cikin kabad. Wanke hannu ka shanya ya isa, ba sai da safar hannu ba, kuma in za ka zaro littafi ka kama shi ta tsakiyar gadon baya, kada ka ja da yatsa daga sama.

Duk sabon shigowa ka ware shi mako biyu kana dubawa kafin ya shiga cikin sauran. Sannan ka buɗe masa layi a rajistarka: suna, kamfani, shekara, zubi, alamomin da ka tabbatar, aibin da ke jikinsa, inda ka saya da nawa. Ka ajiye rasit da hoton shafin haƙƙin mallaka. A jikin littafin kansa kada ka rubuta komai, ko sunanka. Ka rubuta lambar rajistar a ɗan guntun farar takarda ka saka a bayan bangon gaba.